Faifan da ya mutu da aikinmu na wata uku

  Yau daga gida Ambursa nake magana, don haka in kun ji rugugin jirgi a bayan muryata ku yi haƙuri, kun san filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello maƙwabcinmu ne.

Na san wani zai ce, kai Kwamared, mun saba jin ka kan aikin yi da zaɓe, mi ya kai ka ga maganar kwamfuta? To ku bari in ba ku labarin abin da ya same mu, sannan ku yanke hukunci.

Kun tuna daminar 2020, lokacin da gulbin Rima ya cika ya batse, ruwa ya shanye shinkafa a fadamu tun daga Argungu har Birnin Kebbi. Mu a ƙungiyarmu ta matasa muka ce kada abin ya tsaya ga jaje. Muka aro kyamara, muka riƙa shiga ƙauyuka, wani wurin a babur, wani wurin sai da kwalekwale. Muka ɗauki hotunan gonaki da rumbunan da suka faɗi, muka naɗi muryoyin manoma. Niyyarmu mu buga ɗan littafi mai hotuna, mu kai wa hukuma da masu hannu da shuni, su ga abin da idonsu. Wata uku muna wannan aiki.

Sai muka kai komai wurin wani abokina mai shagon dizain a Birnin Kebbi. Ya juye hotunan a kwamfutarsa, mu kuma muka goge memorin kyamara muka mayar wa mai ita, tunda aro ce. Ku riƙe wannan wurin, nan ne kuskurenmu, kuma ni na goge da hannuna.

Saura kwana biyu a buga, ya kira ni da dare. Ya ce, "Kwamared, kana ina? Akwai matsala." Na ce, "Mutumina, lafiya?" Ya ce yana cikin aiki aka ɗauke wuta, aka maido ta da ƙarfi, tun daga nan kwamfuta ta ƙi tashi, sai wata ƙara take yi daga ciki, ƙas, ƙas, ƙas. Muka kai faifan ajiyar wurin mai gyara, ya kunna ya saurara, ya ce allurar da ke karanta faifan ta lalace, buɗe shi sai a ɗaki na musamman marar ƙura, kuɗin kuwa ya fi ƙarfinmu, kuma ko an biya ba tabbas.

Abin da muka tsira da shi sai 'yan hotunan da muka tura wa juna ta WhatsApp. Su kuwa WhatsApp ya matse su, a waya sun yi kyau, a takarda sun fito dishi-dishi. Akwai wani dattijo da ya zauna ya ba mu tarihin ambaliyar da ya gani tun yana yaro. Kafin mu koma mu sake naɗa, Allah Ya yi masa rasuwa. Allah Ya jiƙansa. Wallahi har yau abin yana ci mini rai. Shi kuma abokina, ba namu kaɗai ya salwanta ba: katunan biki, kalandar saukar Alƙur'ani ta wata Islamiyya, kundin ɗaliban da ke shirin kammala karatu, duk suka tafi. Ya mayar da kuɗin mutane, wasu kwastomomin har yau ba su dawo ba.

Bayan nan na zauna na yi karatun abin, kuma yau shi nake son in raba da ku, musamman matasanmu masu CorelDRAW da Photoshop da ke ci da iyali da wannan sana'a.

Mu fara da sauri, don shi kowa ke tambaya. Faifan ajiya iri biyu ne. Akwai tsohon yayi, HDD, wanda a cikinsa akwai faranti mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da allura tana bin sa. Yana da araha, yana da ciki, amma gudunsa bai cika wuce megabait 100 zuwa 200 a daƙiƙa ba, kuma ba ya son faɗuwa ko girgiza. Sai SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa. Na gama-gari yana kai megabait 500 da ɗoriya a daƙiƙa, mai suna NVMe kuwa yana kai 3,000, wani har 7,000. Ka ɗauka kana da aikin mujalla mai gigabait 10. HDD zai ci kusan minti ɗaya ko fiye kafin ya karance shi, SSD na gama-gari kamar daƙiƙa 20, NVMe 'yan daƙiƙu kaɗan. Mai haɗa babbar fosta da hotuna masu nauyi ya san bambancin, don ya sha zama yana kallon kwamfuta tana tunani, kwastoma na tsaye a kansa. Saboda haka in kana da kuɗin gyara abu ɗaya tak a tsohuwar kwamfutarka, sa mata SSD, ka ɗora Windows da aikin da kake kai yanzu a kansa.

Amma ka ji wannan da kyau: SSD yana ba ka sauri ne, bai yi maka alkawarin tsaro ba. HDD sau da yawa yakan yi gargaɗi, ya fara nauyi ko ƙara. SSD na iya mutuwa farat ɗaya, kuma ciro abin da ke cikinsa ya fi wuya.

Na biyu, haɗa faifai da yawa su yi aiki tare, abin da ake kira RAID. Sunan ya fito ne daga wasu masana uku na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, a 1988. Kala-kala ne. RAID 0 yana raba kowane fayil tsakanin faifai biyu don gudu, amma in ɗaya ya mutu komai ya tafi, ka ga haɗarinka ma ninkawa ya yi. RAID 1 yana rubuta abu guda a faifai biyu lokaci ɗaya, in ɗaya ya mutu ɗayan ya ci gaba da aiki. RAID 5 yana buƙatar faifai uku ko fiye, yana jure mutuwar ɗaya.

Bayan abin ya faru, abokina ya ce mini, "Shi ke nan, zan sa RAID 1 in huta." Na ce masa, mutumina, tsaya. In yaron shagonka ya goge folda bisa kuskure, a faifan biyu za ta goge. In bairos mai kulle fayiloli ya shiga, irin WannaCry da ya addabi duniya a watan Mayun 2017, duka biyun zai kulle. In wuta ta zo da ƙarfi, ko ɓarawo ya ɗauke kwamfutar, ko ruwa ya shiga shago, faifan biyu a akwati ɗaya suke. RAID amfaninsa shago kada ya tsaya ranar da faifai ɗaya ya mutu. Ajiya ta gaskiya, wadda ake ce wa bakof, wani abu ne daban.

Mu 'yan fadama mun san wannan tun kafin kwamfuta. Manomin da ya zuba irin shinkafarsa duka a rumbu ɗaya bakin gulbi, shekarar ambaliya da shi da wanda bai ajiye ba duk ɗaya suke. Mai wayo yakan kai wani buhun gidan ɗan'uwansa a tudu.

Masu ɗaukar hoto suna da ƙa'ida da suke kira 3-2-1: kwafi uku na aikinka, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. A shagonmu na nan ga yadda za ta kasance. Kwafin farko shi ne na kan kwamfuta. Na biyu a faifan waje, kullum kafin a rufe shago ka juye aikin ranar, sannan ka zare shi, kada ka bar shi a jone. Na uku ya kwana a gida, ka riƙa sabunta shi duk Juma'a, ko ka ɗora a intanet. Google Drive yana ba kowa gigabait 15 kyauta. Ba zai ɗauki komai ba, kuma data da tsada, amma zai ɗauki abin da ba a iya sakewa: tambarin kwastomomi, asalin fayilolin dizain, salon rubutun da ka tara, da hotunan da ba su da na biyu.

Kuma ka riƙa gwadawa. A 1998, kamfanin Pixar na tsakiyar haɗa fim ɗin Toy Story 2 sai aka ba kwamfuta umarnin da ya goge mafi yawan aikin. Suka koma ga ajiyarsu, suka tarar ta daɗe ba ta aiki daidai, ba wanda ya lura. Abin da ya cece su, wata ma'aikaciyarsu da ta haihu tana aiki daga gida, akwai kwafi a kwamfutarta. To in babban kamfani irin wannan ya kusa kwana ciki, ina ga ni da kai? Duk wata ka jona faifan ajiyarka, ka buɗe fayil biyu ko uku, ka tabbata suna buɗewa.

Sauran 'yan abubuwa a gurguje. Nemi UPS, ko ƙarami ne, ya ba ka mintunan da za ka adana aiki ka kashe kwamfuta cikin natsuwa in an ɗauke wuta ko ana sauyawa zuwa janareta. Ka riƙa kakkaɓe ƙurar hunturu, ka ba kwamfuta iska, don zafin Afrilu a Kebbi yana haura digiri 40. Kada ka mai da filash rumbunka, ɗan aike ne kawai, ga shi kasuwa cike da na jabu, a rubuta masa babban ciki alhali ƙarami ne, ka zuba aiki ya haɗiye. In kuma ka ji faifai ya fara ƙas-ƙas, kashe nan take, duk kunnawar da ka ƙara ɓarna kake ƙarawa.

Mu kwastomomi ma da namu. Kada ka goge memori don ka kai wa mai dizain. In za ka tura hoton da za a buga ta WhatsApp, tura shi a matsayin dokumen, don kada a matse shi. In an gama aiki, ka nemi kwafinka ka tafi da shi.

Abokina yana nan yana sana'arsa, Alhamdu lillahi. Yanzu in ya rufe shago, faifan na cikin aljihunsa tare da makullin babur. Kakar zaɓe na tafe, fastoci za su yi yawa, bikin kamun kifi na Argungu ma in ya zo aiki kan samu. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Namu ya riga ya ƙone. Kai dai yau da dare, kafin ka kwanta, juye aikinka wuri na biyu.