Amsoshin Wasiƙunku: Yaya Gubar Masana'antu Ke Kai wa Tsuntsayen Teku?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani manomin rani a Kibiya. Ya ce ya ji a labarai wai an sami gubar masana'antu a jikin tsuntsayen da ke zaune a tsibiran da ke can tsakiyar teku. Shi ne yake tambaya, yaya aka yi guba ta je inda babu masana'anta ko guda, kuma ina ruwanmu da wannan?

To Malam, mun gode da wannan tambaya, kuma labarin gaskiya ne. Akwai tsibirin Miduwe a tekun Fasifik, kimanin kilomita 2,000 daga birnin Honolulu. Tun a shekarun 1990 masana suka gano guba iri biyu a jiki da ƙwan wasu manyan tsuntsaye da ake kira albatros da ke sheƙa a can. Ta farko ita ce DDT, maganin ƙwarin nan da Amurka ta hana fesawa a gonaki a 1972. Ta biyu ita ce PCB, wadda a da ake zubawa cikin man taransifoma.

Abin da ke faruwa shi ne, irin waɗannan sinadarai ba sa ruɓewa da wuri, sai su shekara goma-goma suna nan. Zafin rana ya ɗaga su sama, iska ta kwashe su, ruwan sama ya sauko da su a wata uwa duniya. Koguna kuma su yi ta kai nasu kason cikin teku. A can ƙananan halittun ruwa su sha, ƙaramin kifi ya ci su, babban kifi ya ci ƙarami, tsuntsu ya ci babba. Da yake gubar a kitse take maƙalewa, ba ta fita da fitsari, kowane mataki sai ta ƙara yawa. Na ƙarshe a layi shi ke kwasar kaya mafi nauyi. DDT kan sa ɓawon ƙwai ya yi laushi, uwa ta kwanta a kai ya fashe.

Batun ina ruwanmu kuwa, ai Malam ruwan namu ne. Dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974 yana nan kusa da Rano. Ruwansa kan bi kogin Kano ya haɗu da kogin Challawa, wanda ke ɗauke da dagwalon masana'antun jima, sannan ya gangara fadamun Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye daga Turai kan zo cin rani. Duk abin da aka wanke a bakin ruwa a nan, zalɓe da balbela da dinya za su gamu da shi a can. Kifin da zalɓe ke ci kuwa, shi ne dai wanda ake soya mana a kasuwa.

Yarjejeniyar Istokholm ta 2001, wadda Nijeriya ke ciki, ta yi wa waɗannan sinadarai takunkumi. A 2009 aka ƙara da lindan, wato sinadarin Gamalin 20 da wasu masunta suka riƙa zubawa a ruwa don kama kifi.

Saboda haka shawararmu ga manoman Rano da Kibiya: kada a wanke famfon feshi a rafi ko a kwatar ban-ruwa. Galan ɗin magani in ya ƙare a huda shi, kada a zuba masa man gyaɗa ko ruwan sha. Maganin da ba shi da lambar NAFDAC a bar shi, kuma a tuntuɓi malamin gona kafin a yi feshi. Rigakafi dai ya fi magani.

Da fatan Malam ya gamsu. A ci gaba da aiko mana da wasiƙu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.