Jawabi ga Iyaye da Malamai kan Gudawar Ƙananan Yara a Birnin Sakkwato

 

A watan Agusta na 2022 Nijeriya ta shigar da rigakafin rotabairos cikin jerin rigakafin da ake yi wa jarirai kyauta. Ɗigo ne a baki har sau uku, wato a mako na 6, da na 10, da na 14 bayan haihuwa. Wannan ƙwayar cuta ita ce kan gaba wajen jawo gudawa mai tsanani ga jarirai.

To amma za ku ji uwa ta ce, "An ɗiga wa ɗana, ga shi kuma yana amai da gudawa, ina amfanin abin?" Tambayarta tana bisa hanya, kuma haƙƙinta ne a ba ta amsar gaskiya. Gudawa suna ɗaya ne, amma masu haddasa ta suna da yawa. Daga cikinsu akwai norobairos, wadda ta samo sunanta daga garin Nowak na Amurka, inda ta ɓarke a wata makarantar firamare a 1968. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na masu kamuwa da amai da gudawa a duniya ita ce sanadinsu, kuma rigakafin rotabairos ba ya tare ta. Saboda haka ɗigon bai gaza ba, wata cutar ce daban ta shigo, kuma dole a kai yaron ya cika ɗigonsa uku.

Norobairos tana bin hannu, da abinci, da ruwan sha, da kwanon da aka yi tarayya a kansa. Yaro yakan fara amai cikin awa 12 zuwa 48 bayan ta shige shi, kuma galibi ta lafa cikin kwana ɗaya zuwa uku. Haɗarin yana ga ƙarewar ruwan jiki, domin ɗan ƙaramin yaro ba shi da ajiya. Kafso da Flagyl da ake saye a kemis ba sa kashe ta, asarar kuɗi ce kawai. Haka nan cewa "ai haƙori ne yake fitarwa" ta sa an zauna da yara da yawa a gida har lokaci ya ƙure.

Abin yi shi ne a dama ƙunshin ORS da ruwa mai tsabta yadda aka rubuta a jikinsa, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan ko da yana amai, a haɗa da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, kuma kada a tsayar da nono. Idan maɗiga ta faɗa, ko idanu suka zurma, ko ya kasa sha, ko aka ga jini a bayan gida, a garzaya asibiti mafi kusa, ko Asibitin Ƙwararru, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko da tsakar dare ne.

Malamanmu, da goyon bayanku da na Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar aka kai ga tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Nijeriya a 2020. Roƙonmu yau ƙarami ne. A ajiye sabulu kusa da buta a makarantun allo da na Islamiyya, domin ruwa kaɗai bai isa ya raba hannu da wannan ƙwaya ba. A huɗubar Juma'a kuma a tunatar da magidanta su ba iyalinsu izini da kuɗin keke ranar rigakafi, su kuma duba katin yaron da kansu.