ZAMAN IKKO: ABIN DA YA KAMATA SABON ZUWA DA IYALINSA SU SANI

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na wata-wata a Agege, domin 'yan'uwa da suka taso da iyalansu daga Arewa.



 An ɗora mini nauyin yin magana a kan yadda mutum zai saba da zaman wannan gari na Legas, musamman wanda ya zo da mata da yara. Ɗan ci-rani da ya zo shi kaɗai yana iya kwana a rumfa ya yi wata huɗu ya koma gida da damina. Mai iyali kuwa zama ya zo yi, sai ya nemi ɗaki da makaranta da asibiti da maƙwabta, kuma kowane ɗaya daga cikinsu yana da ƙa'idarsa.

MATSAYINMU A IDON DOKA

Da farko mu san cewa zaman Bahaushe a Ikko ba yau aka fara ba. Tun a 1863 Baturen mulki Kyaftin Glover ya kafa rundunar Hausawa a wannan gari. Fataucin goro da shanu ya kawo kakanninmu Agege, jirgin ƙasa kuma da ya isa Kano a 1911 ya ƙara buɗe hanya. Akwai gidaje a Zangon Agege da Obalende da Idi-Araba da aka haifi kaka da uba da jika a cikinsu.

Tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da wannan zama. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zuwa ko'ina a ƙasar nan ya zauna. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin da ya fito. Sashe na 43 ya ba shi damar mallakar fili ko gida a kowace jiha. Saboda haka duk wanda ya ce maka ka tattara ka koma garinku, maganarsa ba ta da tushe a doka.

Sai dai in faɗi gaskiya, akwai giɓi. Shi wannan tsarin mulki ya san da maganar ɗan asalin jiha wajen rabon muƙamai, don haka yaron da aka haifa a nan, in ya tashi neman aikin soja ko ɗan sanda ko gurbin jami'a, galibi takardar ƙaramar hukumar mahaifinsa za a tambaye shi. Iyaye, duk lokacin da kuka je gida ganin dangi, ku karɓo wa 'ya'yanku wannan takarda tun suna ƙanana, kada a jira sai ranar da ake rufe ɗaukar aiki.

GIDAN HAYA

Mafi yawan ƙarar da ake kawowa ofishin ƙungiya ta haya ce. Mutum ya ba dillali kuɗi bai ga mai gida ba, kwana biyu dillalin ya ɓace, ko kuma a tarar ɗaki ɗaya an karɓi kuɗinsa a hannun mutum uku. Kada ka biya ko sisi sai ka ga ɗakin da idonka, ka ga mai gidan ko wakilinsa na gaskiya, ka tambayi waɗanda suke ciki. Ka je da ɗan'uwa wanda ya daɗe a unguwar, domin matambayi ba ya ɓata. In da hali ka duba gidan lokacin ruwan sama, tsakanin watan Mayu da Yuli, don akwai unguwannin da suke da kyau da rani, da damina kuwa ruwa har cikin ɗaki.

Dokar haya da jihar Legas ta kafa a 2011 ta hana mai gida karɓar kuɗin fiye da shekara ɗaya a hannun sabon ɗan haya, ta kuma wajabta masa ba da rasit. Ta tanadi wa'adin tashi: wata ɗaya ga mai biya wata-wata, wata shida ga mai biya shekara-shekara, sai in kun rubuta wani wa'adin daban a yarjejeniyarku. Wannan shi ya sa bai kamata ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba. Ko wa'adin ya cika, mai gida ba shi da ikon cire maka ƙofa ko kwano, ko ya zubar da kayanka waje, sai ya bi ta kotu. Kai kuma haƙƙi ne a kanka ka biya a kan lokaci, kada ka kama ɗaki da sunan mutum uku ka tara mutum goma sha biyu. Irin wannan shi ne ya sa wasu masu gidaje suke jin an ce Bahaushe sai su ce ɗaki ya ƙare.

Wanda Allah ya hore wa sayen fili, ya ɗauki lauya ya bincika takardu a ofishin filaye da ke Alausa kafin ya biya. Rikicin 'ya'yan masu ƙasa, waɗanda ake kira omo onile, shi ya sa jihar ta kafa dokar kare kadarori a 2016.

ZAMA DA MAƘWABTA

Iyayenmu mata, nan ne nauyin ya fi faɗowa a kanku. Kun saba da gida mai zaure da katanga da tsakar gida naku na kanku. A nan kuwa sau da yawa ɗakuna ne a jere suna kallon juna, madafa ɗaya, makewayi ɗaya, famfo ɗaya, ga Bayarabiya ga 'yar Ibo ga 'yar Kalaba. Akwai ranar sharar kowa, akwai kason kuɗin wuta da na kwasar shara da na masu gadin layi. Ku tambayi tsarin gidan tun ranar farko ku riƙe shi. Mazaje kuma, in matarka ba ta fita, to kai ne za ka tsaya mata a taron 'yan haya, kada a ce ɗakinku ne kullum ba ya ba da nasa.

Yarabawa mutane ne masu son gaisuwa da girmama na gaba, kamar mu. Ku koyi gaisuwarsu: e karo da safe, e kushe ga mai aiki, e she in an yi maka alheri. Wannan e ɗin da suke sawa a gaba daidai yake da yadda muke cewa ku ga babba. Za ku tarar harshen bai yi nisa da kunnenmu ba, domin suna cewa alafiya, alubosa, wahala, anfani. Wanda ya iya gaisuwa da ƙidayar kuɗi da ɗan Turancin buroka, ya rage rabin wahalar kasuwa da ta mota.

Kowace unguwa tana da Bale, wato mai unguwa, da ƙungiyar ci gaban unguwa, kowace kasuwa kuma tana da Iyaloja da Babaloja. Bayan ka gai da Sarkin Hausawa, ka sa a kai ka ka gai da su. A wasu yankuna kamar Ikorodu ana yin bikin Oro, inda ake sanar da cewa mata da baƙi kada su fito a wasu sa'o'i. Wannan ba al'adarmu ba ce, kuma shugabanni suna da hanyar kai kuka ga hukuma in ta taɓa ibada ko sana'a, amma in an yi sanarwa, ku tsare iyalanku a gida.

SANA'A DA ZIRGA-ZIRGA

Ga matasanmu, ina jan kunne a kan acaɓa. Daga 1 ga watan Yuni 2022 gwamnati ta hana shi a ƙananan hukumomin Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, a watan Satumba na wannan shekarar kuma ta ƙara da Kosofe, Mushin, Shomolu da Oshodi-Isolo. Baburan da aka kama murƙushe su ake yi. Kada wani ya sayar da gonar gado a gida ya sayo babur bai tambaya ba. Haka kuma talla a kan manyan tituna da tura kurar shara duk doka ta hana. Masu sayar da abinci su sani an hana mazubin abinci na farin soso tun Janairu 2024. 'Yan kasuwa kuma su kiyaye sharar safiyar Alhamis. Duk kuɗin tikiti ko haraji da aka karɓa a hannunka, ka nemi rasit ka adana.

Tafiyar da za ka yi cikin minti ashirin a Kano tana iya cin sa'a biyu a nan. Ku nemi katin Cowry, da shi ake shiga motar BRT da jirgin ƙasa na cikin gari, wanda layinsa na Agbado zuwa Oyingbo ya ratsa Agege ya fara ɗaukar fasinja a Oktoba 2024. A cikin danfo ka tambayi kuɗin mota kafin ka zauna, ka riƙe canji, kada ka biye wa kwandasta ko 'yan tasha.

TAKARDU, MAKARANTA DA ASIBITI

Kowane babba a gida ya mallaki lambar NIN, ya kuma yi rajistar mazauna jiha a hukumar LASRRA, wadda ba ta tambayar asalinka, zamanka a jihar take dubawa. Ku yi wa jarirai takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Wanda katin zaɓensa na gida ne, ya nemi hukumar zaɓe ta mayar da rajistarsa nan in an buɗe rajista. Al'ummar da ba ta da ƙuri'a a mazaɓa, kansila ba ya sanin hanyar unguwarta.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara, kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro. Ku kai yara maza da mata makarantar gwamnati da safe, Islamiyya da yamma. Tun 2018 doka ta sa ana koyar da Yarabanci a makarantun jihar. Wannan riba ce ga yaro. Aikinku shi ne ku riƙa yi masa Hausa a ɗaki, don kada ya je gida ya kasa gai da kakarsa. Mai juna biyu ta fara awo da wuri a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, yara su cika rigakafi, kowa ya kwana cikin gidan sauro, domin damina a nan doguwa ce. In gobara ko haɗari ya auku, a kira 112 ko 767.

IN AN KAMA ƊAN'UWA

Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a gaya wa wanda aka kama laifinsa da harshen da yake ji, yana kuma da ikon yin shiru har sai ya ga lauya. In ban da manyan laifuka irin na kisa, dole a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. A kotu yana da haƙƙin tafinta kyauta. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a madadin wani, ta kuma hana kama mutum a kan bashi ko saɓanin ciniki kawai. Beli a caji ofis kyauta ne, mace ma tana iya tsaya wa mutum. Kada ka yi kokawa da jami'i a titi, ka riƙe sunan caji ofis ɗin ka sanar da ƙungiya nan take. Marar ƙarfi yana iya zuwa ofishin lauyoyin talakawa na jiha da ake kira OPD, rikicin haya ko bashi kuma a kai shi cibiyar sasanci ta Ma'aikatar Shari'a, duk ba a biya.

KIYAYE ZAMAN LAFIYA

Manya a cikinmu ba su manta da Shagamu a Yuli 1999 ba, da Ketu a Nuwamba 1999, da Idi-Araba a Fabrairu 2002, da Mile 12 a Maris 2016 inda aka rufe kasuwa na makonni, da kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairu 2021. An yi asarar rayuka da dukiya a kowane ɓangare, na Shagamu kuma har ya jawo ramuwar gayya a Kano a kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Yawancin irin waɗannan fitinu daga ƙaramar hatsaniya suke tashi, sai jita-jita ta hura wutar. In ka saɓa da mutum, faɗanka ne da shi, kada ka mai da shi faɗan Hausawa da Yarabawa. Hoto ko muryar da aka turo maka ta waya, kada ka tura gaba sai ka tabbatar. Wanda ya yi laifi a cikinmu kada mu ɓoye shi, domin ɓoye shi ne yake shafa wa sauran kashin kaji.

Daga ƙarshe, ina roƙon tsofaffin zama su riƙe hannun sababbi. Kowane mai masauki ya kawo baƙonsa ofishin ƙungiya a rubuta sunansa da garinsu da sana'arsa da inda yake kwana, don in wani abu ya same shi a san inda za a nufa. Iyaye mata kuma su ziyarci amaren da aka kawo daga gida, domin kewa da kaɗaici suna damunsu ko da ba su faɗa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya sa albarka a nemanmu, ya shirya mana zuriya.