Riƙe Sana'ar Gini A Zamanin Tsadar Kaya

 

An umurce mu, mu 'yan kasuwar kayan gini, da mu ce wani abu a kan yadda ɗan kwangila zai riƙe sana'arsa a nan Legas idan abubuwa suka tsananta. Abin da za mu faɗa kuwa abu ne da muke gani kullum daga bakin shago, domin duk ɗan kwangilar da zai tashi ko zai durƙushe, mu masu sayar masa da siminti da rodi mu ne muke fara sani.

Jama'a, tsada ba yau ta fara ba. Kafin gwamnatin Janar Babangida ta kawo tsarin SAP a 1986, dala ɗaya ba ta wuce kamar naira ɗaya ba, amma zuwa 1993 ta kai wajen naira 22 a farashin gwamnati. Haka aka sake gani a 2023. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya ce an cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki naira, zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Buhun siminti da ake saye kamar naira 5,000 ya wuce 10,000 a wurare da dama, har sai da gwamnati ta zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge aka yi maganar naira 7,000 zuwa 8,000. Kuma fa masana'antun Ewekoro da Ibese nan kusa suke, a Jihar Ogun. To ina ga na nesa?

Mu yi lissafi. Mutum ya karɓi aikin da zai ci buhu 300 yana ƙiyasin naira 5,000 kowane buhu, wato miliyan 1 da rabi. Kafin ya kai linta buhu ya zama 10,000, kuɗin siminti kaɗai ya koma miliyan 3. Ribarsa ta tafi, jarinsa ya bi ta. A nan ne zuciya take fara raya masa abubuwa biyu: ya rage siminti, ko ya ɗebi kuɗin wani aikin ya toshe wannan. Duka biyun halaka ne. Saboda haka ga shawarwarinmu.

Na farko, kada a yanke farashin gini tun daga tushe har rufi a zama ɗaya. A kasa aikin kashi-kashi: tushe, sai zuwa linta, sai dakin ko rufi, sai filasta da sauran ƙarashe. Kowane kashi da kuɗinsa, a kuma faɗa wa mai aiki kwana nawa farashin zai tsaya, mako 2 ko makamancin haka. Sannan a rubuta, a sa hannu, a sa shaidu. Mun koya tun a Islamiyya cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Rubutu ba rashin yarda ba ne, maganin mantuwa ne da musu.

Na biyu, kuɗi in ya shigo kada ya kwana a aljihu, domin a lokacin hauhawar farashi kuɗi kamar ƙanƙara yake a tafin hannu. A mai da shi kaya nan take. Sai dai a san abin da za a ajiye. Rodi da bulo da kwanon rufi suna jure ajiya. Siminti kuwa, da wannan raɓar ta Legas, ba a son ya wuce wata 3. A jera shi kan katako, nesa da bango, a rufe da leda, a fara amfani da wanda ya riga zuwa.

Na uku, kuɗin kowane aiki amana ne, kuma kowane da littafinsa. Mun sha ganin wanda ya riƙe ayyuka 4 yana cin kuɗin wannan a wancan, ranar da mutum ɗaya ya jinkirta biya sai duka huɗun suka tsaya cak. Gara aiki 2 da za ka kammala da 5 da za ka bari ciyawa ta cinye. Rancen banki kuma ba mafita ba ne. Ban da matsalar riba da malamai suke yi mana gargaɗi, a Nuwamban 2024 Babban Banki ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwa suka ɗora nasu a kai. Wane gini ne yake kawo irin wannan riba?

Na huɗu, a rage ado, kada a rage ƙarfi. In kuɗi ya gaza, a jinkirta tayil, a sa ƙofa mai sauƙi, a bar fenti sai baɗi. Amma kwaɓin kankare da aka saba, buhu 1 na siminti, kwanon sarki 4 na yashi, 8 na tsakuwa, ba wurin tsimi ba ne. Inda injiniya ya rubuta rodi mai lamba 16 kada a sa mai 12. A riƙa ba kankare ruwa aƙalla kwana 7, kada kuma a yi gaggawar cire katakon da ya tallafi dakin, tunda sai ya kwana 28 yake cika ƙarfinsa. Ba mu manta da bene mai hawa 21 da ya rufta a titin Gerrard a Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba, 2021 ba, inda mutum fiye da 40 suka rasu, da yawansu ma'aikata masu neman na abinci.

Na biyar, a riƙe ma'aikata. Birkila nagari da kafinta nagari sun fi tifar yashi wuyar samu. Lebura da ya wuni yana ɗaukar kwano a ba shi haƙƙinsa kafin ya bar wurin aiki, ko da maigida zai koma gida da aljihu ba nauyi. In aiki zai tsaya, a faɗa musu da wuri su nemi wani.

'Yan'uwa, mu zaman baƙunta muke yi. In ɗanmu ya gudu da kuɗin mai aiki, ko katangarsa ta faɗa kan ɗan maƙwabci, ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi Bahaushe ne. Yardar da iyayenmu suka shekara da shekaru suna ginawa tsakaninmu da Yarbawa masu masaukinmu, ita ce ta sa ake ba mu aiki, ake ba mu kaya bashi. Don haka muna roƙon shugabanni su kafa kwamitin dattawa 3 ko 5 masu sanin harkar, wanda duk aiki ya sha kansa ya kawo kukansa tun kafin magana ta kai ga 'yan sanda.

Allah Ya ba mu halal mai albarka, Ya sauƙaƙa mana wannan hali, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalamu alaikum.