Jawabin malaman lakkwal a kan alawa



Da aka ce mu yi magana a kan alawa, wasu sun yi dariya, wai zancen yara ne. Mu da muke wuni da yaran nan a aji mun san ba haka ba ne.

Kalmar alawa daga Larabci ta zo, sukari ma haka. Mutanen Indiya ne suka fara dafa ruwan rake har ya daskare ya zama ƙwaya, Larabawa suka koya suka yaɗa. A Faransa rake ba ya yi, sai a 1812, zamanin Napoleon, suka kafa aikin fid da sukari daga wani tushe mai kama da gwaza. Da sukari ya yi araha, sai bombon ya cika duniya, har ya iso teburin da ke ƙofar lakkwal ɗinmu.

Kakanninmu ba su jira Turawa ba. Suna da zuma, da dabinon Bilma, da raken Matamai, da mazarƙwailar da fatake ke kawowa daga ƙasar Zazzau. Iyayenmu mata na yin kantu da riɗi, alawar gujiya, tuwon madara, da dakuwar aya, ita aya kuwa ƙasar Maraɗi ce gidanta. Nakiya da alkaki na gara ne, ba a samun su a tebur; sai an je gidan mai yi an ba ta kwana biyu ko uku. Sauran kuwa ranar kasuwa suna nan a faifai, ko a tasha wajen ƴan talla.

Ga abin da ya kawo mu. Yaro ya fito da safe bai karya ba, an danƙa mashi dala biyar. Ya saye bombon, sukari ne da launi kawai. Kafin ƙarfe goma yana hamma, lissafi ba ya shiga. Wasu mun gan su da kunci a kumbure, haƙori ya rube, likitan haƙori kuma sai birni. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babba zai sha a wuni kada ya kai kashi goma cikin ɗari na ƙarfin abincinsa, wato kamar gram 50. Na yaro bai kai haka ba. Kantu ma da sukari, ba mu ɓoye ba, amma riɗi da gujiya suna riƙe ciki, kuɗin kuma hannun matan garinmu yake komawa.

Roƙonmu biyu ne. Yaro ya sha koko ko kunu kafin ya fito, da dare a ba shi asuwaki. Ƙungiya kuma ta zaɓi mata biyu su riƙa kawo kantu da dakuwa a rufe lokacin hutun safe. Inuwar bedi da ke bakin ƙofa mun bar masu ita.