Jawabi Kan Gyara Karan Shinkafa Don Ciyar Da Dabbobi

 

Duk mai turka rago ko sa a nan Adarawo ya san yadda harawa da dusa ke tsada daga Maris zuwa faɗuwar ruwa. Wani ma dole ya kai dabbarsa kasuwar Ngurore a rame, dillalai su yi mata kuɗin wulaƙanci. Alhali kuwa a fadamar Geriyo, bayan an casa shinkafa, karan tari-tari ake cinna wa wuta. To, jama'a, abincin dabbobinmu ne fa ke tashi hayaƙi.

Gaskiya ne busasshen kara cika ciki kawai yake yi, ba ya sa ƙiba. Amma masana kiwo, har da na cibiyar NAPRI da ke Shika, Zariya, sun jarraba gyara shi da takin yuriya. A daddatsa kara kilo 100. A narka yuriya kilo 4 cikin ruwa lita 100, wato jarka biyar. A shimfiɗa leda a rami, ana zuba karan kaɗan-kaɗan, ana yayyafa ruwan, ana tattakewa sosai. Sai a rufe ruf, kada iska ta samu kafa, har mako 3. A ciki yuriyar za ta zama iska mai hawa kai wadda ke tausasa karan, tumbin dabba ya iya narkar da shi, abin gina jikinsa kuma ya kusa ninkawa. Karan masara da na dawa ma haka ne. Buhu ɗaya mai kilo 50 ya ishi kara fiye da tan guda, don haka gida huɗu ko biyar sai mu haɗa kuɗi mu raba.

Amma a saurara da kyau: yuriya tana kisa. Dabbar da ta sha ruwan nan, ko ta lashi garin, tana iya mutuwa nan take. Kada a bar wa yara aikin. In an buɗe ramin, a ɗebi na ranar kawai, a baza shi a inuwa warin ya fita, a mai da murfi. Wanda ya yi fumfuna a zubar. A fara da kaɗan, ana haɗawa da abin da dabba ta saba, har mako guda. Masu tuƙa kaɗai ake ba, wato shanu, tumaki da awaki. Ban da doki, ban da jaki, ban da ɗan maraƙin da bai fara tuƙa ba.

Ga masu ragon layya, wannan ba zai hana mu sayen dusa ba, harawa ce zai rage mana. Karan kuma a tara shi tun ranar casa, kafin a sa masa ashana.