Baƙo da Mai Masauki: Zaman Ƙasar Waje Jiya da Yau



Idan aka tambayi mutumin da ya yi ƙaura zuwa wata ƙasa abin da ya fi ba shi wuya, sau da yawa yakan ce sanyi, ko abinci, ko harshe. Waɗannan duka gaskiya ne, amma rassa ne kawai. Tushen wahalar baƙo shi ne babu wanda ya san shi. A garinsu sunan ubansa ya isa a ba shi bashi, a ba shi ɗaki, a ba shi mata. Da ya ƙetare iyaka, wannan jari ya zube, sai ya nemi wanda zai ara masa mutuncinsa kafin ya gina nasa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, in ji masu iya magana.

Hausawa sun daɗe da gano maganin wannan, gama fatauci ya kai su nesa tun kafin zuwan Turawa. Fataken goro da ke bin hanyar Gwanja sukan sauka Salaga, kuma bayan yaƙin basasar da ya watsa garin a 1892, suka bazu zuwa Kete Krachi da Yendi da Kumasi da sauran garuruwa. Duk inda suka yada zango sai a sami sarkin zango da limami da masu masauki. Haka nan mahajjatan da suka bi ta ƙasa zuwa Makka, da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, sun kafa garuruwa a Sudan, irin su Mai Wurno a bakin Kogin Nilu Shuɗi, inda na baya ke samun wurin sauka da aikin gona kafin su ci gaba da tafiya.

Wanda ya fi bayyana yadda tsarin yake aiki shi ne Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo ta Badun ya fitar da littafinsa a 1969. An kafa unguwar a 1916. Mai shanu yakan taso daga Arewa da garke, bai iya Yarabanci ba, bai san mahauci ko ɗaya ba. Sai ya sauka gidan mai gida, wanda zai ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillali. Mafi yawan cinikin kuwa bashi ne. Idan mahaucin da ya ɗauki sa ya ƙi biya, mai gida ne zai biya daga aljihunsa, domin in bai yi haka ba labari zai kai Kano kafin wata ya ƙare, baƙi su koma gidan wani. Watau amanar tana da ginshiƙi na riba: arzikin mai masauki a hannun baƙonsa yake. In baƙo ya kwanta ciwo a yi jinyarsa, in ya mutu a yi masa sutura, a aika da kayansa gida.

Amma fa zango yana da rauni guda, shi ne bai san takarda ba. A ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta Ghana ta ba duk baƙon da ba shi da izinin zama mako biyu ya fita. Mutanen da aka haifa a Kumasi, waɗanda ba su taɓa ganin Katsina ko Damagaram ba, suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance suka hau motoci. Sarkin zango bai iya tsaya wa kowa ba, domin shi ma baƙo ne a idon doka. Nijeriya ta aikata irin wannan a 1983, lokacin da ta kori baƙi, kimanin miliyan ɗaya daga cikinsu 'yan Ghana.

Yau al'amarin ya juya. Takarda ta cika, mai masauki ya yi ƙaranci. Ɗalibin da ya sauka Ingila yana riƙe da biza da takardar makaranta, amma mai gidan haya zai nemi shaidar asusun banki da wanda zai tsaya masa, banki kuma ya nemi shaidar adireshi. Sai ya yi ta kai da komo tsakanin biyun yana kwana a falon wani. A watan Disamba rana takan faɗi a Landan kafin ƙarfe 4 na yamma, maƙwabci kuma ba ya ƙwanƙwasa ƙofa. Likitan da ya shekara goma yana aiki a gida dole ya sake zama jarrabawa kafin ya taɓa majinyaci. Daga Janairun 2024 an hana mafi yawan ɗalibai tafiya da iyalinsu, kana faɗuwar naira bayan Yunin 2023 ta sa kuɗin da iyaye suka tara ya kasa biyan makaranta.

Akwai kuma wani abu mai suna irin na mai gida, amma halinsa dabam. A Saudiyya ma'aikaci yana ƙarƙashin kafili ne, kuma gyaran da aka yi wa tsarin a 2021 bai haɗa da masu aikin gida ba. A Ingila ma, wanda kamfani ya ɗauki nauyin bizarsa, in aikin ya ƙare, yawanci kwana 60 ake ba shi ya sami wani ko ya tafi. Mai gidan Sabo yana tsoron baƙonsa ya bar shi. A nan kuwa baƙon ne ke tsoron a sake shi. Shi ya sa mace mai aikatau a Jidda kan haɗiye zalunci wata da watanni.

Saboda haka ana iya auna kowane taimako da wannan ma'auni: wa zai yi hasara in baƙon ya tagayyara? Dillalin biza da ya karɓi kuɗinsa a Kano ba ya hasarar kome, don haka ba abin dogaro ba ne. Ofishin ɗaliban waje na jami'a ya fi shi, tun da sunan makarantar na rataye da lafiyar ɗalibanta, ko da yake aikinsa kan tsaya ga tarbo daga filin jirgi da cike takardu. Hukumar kula da 'yan Nijeriya mazauna waje, wadda dokarta ta fito a 2017, ta fi jin labarin mutum bayan ya shiga uku.

Waɗanda suka gaji zango a zahiri su ne ƙungiyoyin 'yan gari da masallatai da majami'u. Su ne ke sa hannu a takardar haya, su nuna wa sabon zuwa shagon da ake samun gero da daddawa, su faɗa masa kada ya miƙa fasfonsa ga mai aiki, kada kuma ya wuce sa'o'in aikin da bizarsa ta yarda. Da yawansu suna da asusun da kowa ke zuba wani abu duk wata, wanda ake taɓawa in an kori ɗan'uwa daga aiki, ko in ana bukatar sayen kabari a maƙabartar birnin.